Haɗa shago biyu da intanet ba tare da jan waya ba: wace na'ura ta dace?

Mai Shagon Aboabo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da layin faiba a shagon buga takardu, ga kuma sabon shago a tsallaken titi, tazarar mita 180 ke nan. Daga saman benen nan ina hango rufin wancan sarai. Fayil ɗin zane masu nauyi muke turawa tsakaninmu kullum, kuma ba na son biyan layi na biyu. An ce mini akwai rediyon gigahaz 60. Me kuke gani?

Injiniyan Asawase: Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan tazarar ai ita aka yi wa gigahaz 60. Nemi Wireless Wire na MikroTik. Guda biyu ne a kwali ɗaya, an riga an haɗa su tun daga kamfani, kuma suna ba da gigabit ɗaya zuwa da dawowa a kan mita 200. Dalilin saurin shi ne faɗin tasha: kowace tasha gigahaz 2.16 ce, alhali wayifai na gida yawanci megahaz 20 zuwa 80 yake samu. Tsarin ana kiransa 802.11ad, tun 2012 aka tabbatar da shi. Kuma a unguwa mai cunkoso irin Aboabo, inda kowane gida da rautarsa, gigahaz 5 ya cika da hayaniya. Shi wannan siginarsa siririya ce, ba ta yaɗuwa gefe, maƙwabta ba za su dame ka ba.

Ƙanin Kowa: Yaya, ruwan Kumasi fa? Na ji an ce da hadari ya taso shi ke nan.

Injiniyan Asawase: Ƙanina, a yi lissafi. Iskar oksijin tana shanye kusan desibel 15 (ma'aunin ƙarfin sigina) a kowace kilomita a wannan zangon. Ruwa mai ƙarfi sosai, kamar milimita 100 a awa, yana ƙara kusan desibel 30 a kilomita. A mita 180 duka biyun ba su wuce desibel 8 ko 9 ba. Idan an saita da kyau, sauri ne zai ɗan sauka a ruwan Mayu da Yuni, ba yankewa ba. Wanda ya kai kilomita ɗaya shi ne zai yi kuka. Can sai mai faranti, LHG 60G, a kuma ɗora shi kan tashar gigahaz 64.80, don can sama oksijin bai cika shan sigina ba kamar a 60.48.

Malam Mai Kebul: Ni ban ƙi ba, amma Alhaji a fara duba hanya kafin a fitar da sidi ko ɗaya. Tsawon igiyar wannan sigina milimita 5 ne kacal. Ba ta huda bulo, ba ta huda kwano, ganyen mangwaro ma tare ta yake yi, balle jiƙaƙƙe. Hangen rufi bai isa ba. A tsakiyar hanya ana son sarari na kusan rabin mita ta kowane gefen layin da ke tsakanin na'urorin biyu. A hau sama a duba: allon talla, wayoyin ECG (kamfanin wutar lantarki), tankin ruwan wani, bishiyar da za ta yi toho bayan damina, da benen da ake kan ginawa. Tunda titi ne a tsakani, a ɗaga su fiye da tsayin tirela mai lodi, in ba haka ba duk wucewar babbar mota sai layi ya tsinke.

Abu na biyu, wurin ɗaurawa. Kada a ɗaure a jikin ƙarfen tanki ko doguwar sanda mai lilo. Bututun ƙarfe inci biyu, gajere, a kafe shi a bangon siminti da maɗauri biyu. Ƙaramar, wato Wireless Wire, tana iya karkata siginarta da kanta cikin kusurwar digiri 60, don haka tana da haƙuri. Mai faranti ba ta da shi, iska ta motsa ta kaɗan an rasa.

Hajiya Mai Kafe: Alhaji, in kasuwancin ba ya jure tsayawa ko na minti biyar, ƙara kuɗi ka ɗauki mai madadi. Cube 60G ac na MikroTik ko GigaBeam na Ubiquiti, dukansu suna da rediyon gigahaz 5 a ciki. Babban ya faɗi, ƙaramin ya karɓa da kansa. Saurin zai ragu, amma aiki bai tsaya ba.

Malam Mai Kebul: Gaskiyar Hajiya ce. Sai dai yawancin ƙorafin da ake yi ba na rediyo ba ne, na kebul ne. Kasuwa cike take da kebul na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Kankare silin ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki, mayar musu. Irinsa yana zubar da wuta a hanya, na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi. A sayi Cat6 na waje, jan ƙarfe zalla, mai rufin kariya, kada tsawonsa ya wuce mita 100. Gigabit na bukatar silin takwas duka. Ɗaya ya kuskure a wajen matse kai, layin zai koma megabit 100, mutum ya yi ta zagin rediyo. Suwici da katin kwamfuta su ma su zama na gigabit. A lanƙwasa kebul ƙasa kafin ya shiga na'ura, don ruwa ya ɗiga waje maimakon ya bi shi ciki.

Ƙanin Kowa: Ƙurar hunturu ba ta hana shi?

Injiniyan Asawase: A'a, ƙwayar ƙura ta yi ƙanƙanta ƙwarai a kan milimita 5. A dai goge fuskar na'urar da ɗanyen tsumma in hunturu ya wuce. Tsawa ce abin tsoro. A sa makarin tsawa na kebul a kowane gefe, a haɗa shi da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Don dumsor kuma, wato ɗauke wuta, kowace na'ura wuta kaɗan take ci, ƙaramin UPS (batirin riƙe wuta) ya ishe ta, amma a sa a shagunan biyu. A yi amfani da abin ba da wutar da ya zo cikin kwalin, don wani na bolt 24 ne wani 48.

Mai Shagon Aboabo: Allah Ya saka da alheri. Bayan an ɗora, ta yaya zan gane ya zauna daidai?

Injiniyan Asawase: A fara gwada su a ƙasa, cikin ɗaki ɗaya, kafin a hau tsani. Bayan an ɗora, buɗe Winbox (manhajar saita na'urorin MikroTik), shiga sashen W60G, duba MCS, wato lambar da ke nuna matakin saurin haɗin. In ya tsaya a kan 8, wato kusan gigabit 2.3 a iska, an dace. In yana hawa yana sauka da rana tsaka babu ruwa, ko saiti ne ko wani abu na gilmawa. Wurin yana ma nuna maka ko ɗaya na'urar tana hagu, dama ko tsakiya, sai a juya a hankali har ta zo tsakiya, sannan a ɗaure tam. Daga nan a tura babban fayil, ya kamata ka ga sama da megabayit 100 a sakan. A canja kalmar sirrin da ke jikin takardar.

Hajiya Mai Kafe: A kuma tambayi mai sayarwa ko na'urar tana da amincewar NCA, hukumar kula da sadarwa ta Gana. Tsakanin shagunanka biyu ne wannan, Alhaji. Ranar da ka fara raba wa maƙwabta suna biya, wannan ya zama sayar da intanet, sai da izininsu.