Na kusa gama kwalejin shekara biyu a Bronx: gyaran jirgin sama ko koyarwa?

Habu_Parkchester
Assalamu alaikum 'yan uwa. A watan Mayu in sha Allah zan karɓi ƙaramin digirina na shekara biyu a fannin lissafi, a ɗaya daga cikin kwalejojin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, da ke nan Bronx. Shekarata 26, ina da girin kad, da dare ina aikin lodin kaya a filin jirgin JFK, kuma mahaifiyata da ƙannena biyu ni suke kallo wajen kuɗin haya. Hanya biyu ce a gabana, da su nake kwana da su nake tashi. Ko dai in wuce Lehman, kwalejin CUNY mai ba da cikakken digiri, in ƙara shekara biyu in zama malamin lissafi a makarantar gwamnati, ko kuma in shiga makarantar gyaran jirgi in nemi lasisin gyaran jikin jirgi da injinsa da ake kira A&P. Don Allah a lura ba tuƙi nake nufi ba, kanikanci nake nufi, kuɗin tuƙi ya fi ƙarfina. Kuma ba na son bashin da ke da ruwa. Waɗanda suka bi ɗaya daga ciki ku faɗa min, wacce ake iya haɗawa da aikin dare, kuma nawa kuka kashe?

Abu_Fagge
Wa alaikumus salam. Haba ɗan uwa wannan ma abin tambaya ne? Tuƙin jirgi mana! Allah ya kai ka Amurka sannan ka tsaya kana zancen alli da allo, mu nan Kano masu NCE nawa ne ke jan Keke Napep

Zee_Harlem
Malam Abu ka sake karantawa, cewa ya yi BA tuƙi ba.

Sarkin_Tasi
Ƙanina Habu, tunda an taɓo zancen jirgi bari in ba ka nawa labarin, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo. Ni ma daga irin kwalejinku na fito, da ƙaramin digiri a hannu da buri fal ciki. Na tuƙa tasi na tara, na kwashi adashe, na sa aka sayar min da filina a gida, na tafi wata makarantar tuƙi a Florida saboda can rana take kusan kullum ana tashi sama babu fashi. Tunda ba ni da fasfo ɗin ƙasar sai da hukumar tsaron sufuri ta TSA ta ɗauki yatsuna ta yi bincike kafin a bar ni in fara, na bi duk wannan ban gajiya ba. Suka ce in na biya gaba ɗaya za su yi min ragi, na zuba musu dala dubu 58. A doka awa 40 ta isa a nemi lasisin farko amma ni sai da na haura 70, kuma kusan duk abokan karatuna haka ne. Ana cikin haka jiragen suka fara raguwa, yau a ce wannan yana gareji gobe a ce malami ya samu aiki ya tafi, sai ka yi sati biyu ba ka tashi ba kana cin kuɗin haya a banza. Wata safiya muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda manne a gilashi. Lauya ya ce mu bi layin masu bin bashi, mu ne a can ƙarshe bayan banki da masu man jirgi. Ko sisi ban gani ba wallahi. Awa 140 gare ni a littafi, lasisin aikin kuɗi kuwa sai 250, manyan kamfanoni kuma sai awa 1,500 tun bayan haɗarin jirgin Buffalo na 2009 da ya kashe mutum 50, dokar ta fara aiki a 2013. Littafin awowin yana nan cikin aljihun motata tare da rasit ɗin mai, in na sauke fasinja a Tamina 4 ba na ma son ɗaga kai. Mahaifina har ya rasu yana gaya wa mutane ɗansa matuƙin jirgi ne. Ka riƙe allonka ƙanina, harkar jirgi ta 'ya'yan masu kuɗi ce.

Maman Ilham
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Allah ya mayar maka da mafi alheri, ya ji ƙan Baba.

Baba_Kumasi
Allah ya saka maka. Amma dubu 58 ai da sauƙi ma, yaron ƙanwata yana kan yi yanzu an ce musu su tanadi dubu 120 kafin ya kai matakin koyarwa.

Dan Maradi 170
Dubu 120 ina? Wani abokina a Texas dubu 75 ya kashe duka har da lasisin koyarwa, ni ya nuna ma takardun da idona

Baba_Kumasi
Wace shekara? Ka tambaye shi. Yanzu awa ɗaya a ƙaramar Cessna da malami a nan yankin New York ta haura dala 250, ka yi lissafi da kanka.

Dan Maradi 170
To Texas ba New York ba ce Baba, ko tumatir ba farashinsu ɗaya ba

Zee_Harlem
Ni abin da ban gane ba Yaya Sarki, ba a iya ɗaukar awowin a kai wata makarantar? Ai ba sa mutuwa.

Sarkin_Tasi
Awowin ba sa mutuwa ƙanwata, aljihun ne ya mutu. Ga iyali yanzu, ga shekaru. Duk mai son yi ya je likitan FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ya yi gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya tun kafin ya ba kowa kwabo, akwai wani a ajinmu sai da ya kashe kuɗi sannan aka gano ba ya bambance ja da kore sosai. Kuma ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, kar ya yarda da wani ragi.

Habu_Parkchester
Yaya labarinka ya taɓa ni ƙwarai, Allah ya musanya. Amma don Allah jama'a gyara nake tambaya, ba tuƙi ba.

Injiniya_Sale
Habu ni ne mutuminka, A&P nake ci da shi. Hanya biyu ake samunsa. Ko makarantar da FAA ta amince da ita, wata 18 zuwa 24 galibi, ko ka nuna wata 30 kana aiki a jikin jirgi da injinsa a ƙarƙashin mai lasisi. Lodin kaya ba ya shiga wannan lissafin, kar wani ya ruɗe ka. Bayan nan jarabawar rubutu uku, sai ta baki da ta hannu inda za a sa ka a gaban mai gwaji ya miƙa maka waya da filaya ya ce ɗaure min waɗannan kusoshin yadda ba za su kwance ba, ya zuba maka ido. Ba a neman gwajin lafiya irin na matuƙa, girin kad ɗinka ya wadatar, kuma tunda kana da bajon shiga filin jirgi ka riga ka wuce binciken da ke kayar da wasu. Maganar kuɗi, Vaughn da ke kusa da filin LaGuardia ita ce kusa da kai amma mai zaman kanta ce don haka sai ka shirya, ni a kwalejin gwamnati na yi a wata jiha, bayan tallafin karatu na Pell da gwamnatin tarayya ke bayarwa abin da ya fita daga aljihuna bai kai dubu 9 ba har da kayan aiki. A jihar nan ka duba kwalejin Dutchess da ke Poughkeepsie, suna da sashen gyaran jirgi, sai dai tafiyar da nisa a jirgin ƙasa. Haɗa shi da aikin dare kuwa gaskiya da wuya, ana ƙirga zuwa aji sosai, in ka yi fashi sai ka rama. Kuma ka sani sabon makanike dare ake ba shi, Asabar da Lahadi da ranar Sallah duk kana can, watan Janairu kana ƙarƙashin fiffike da tocila a goshi yatsunka ba sa jin sifana. Amma abinci akwai, da obataim ina wuce abokaina masu digiri.

Baba_Kumasi
Dubu 9? Maƙwabcina dubu 45 ya ci bashi a kan wannan A&P ɗin dai.

Injiniya_Sale
Makarantar kuɗi ya je Baba. Lasisin iri ɗaya ne, FAA ce ke bayarwa ba makaranta ba.

Maman Ilham
Habu ni kuma ta ɗaya ɓangaren zan yi magana. Da mataimakiyar malama na fara, ina yi ina karatu da yamma, akwai tsarin da ke biya wa mataimaka kuɗin kiredit 6 a kowane zango, da shi na lallaɓa har na gama. Kai ka ma fi ni sa'a tunda a cikin CUNY kake, kwasa-kwasan gama-gari za su bi ka zuwa Lehman, kiredit 60 kake da shi 120 ake nema. Kuɗin makaranta ga ɗan jiha dala 6,930 ne a shekara, in Pell da TAP, tallafin karatu na jiha, suka shigo mai ƙaramin ƙarfi sau da yawa ba ya biyan komai sai littafi da kuɗin mota, amma ka duba zango nawa na Pell ka ci don 12 ne iyaka. Inda za ka sha wuya shi ne zangon gwajin koyarwa, kullum kana makaranta tun safe har a tashi kuma ba albashi, ni a lokacin 'yan kunnena na zinare na sayar. Bayan ka fara aiki ana ba ka shekara 5 ka kawo digiri na biyu. Albashin farko ya haura dubu 60, ga inshorar lafiya ga fansho ga hutun bazara, kuma makarantun birnin nan suna rufewa ranar Sallah ƙarama da babba. Malaman lissafi nemansu ake. Sannan wallahi yaranmu na buƙatar irinka, ranar da wata uwa 'yar Agadas ta shigo taron iyaye tana rarraba ido na ce mata sannu da zuwa Hajiya, sai ta kama hannuna ta ƙi saki, shekara biyu ɗanta na makarantar ba ta taɓa fahimtar abin da ake cewa a kansa ba.

Dan Maradi 170
Mushe Habu! Yaran Bronx za su sa ka yi furfura kafin ka yi aure, gara injin jirgi ba ya zagin mutum 😂

Abu_Fagge
Ni dai har yanzu ina kan bakana. In ma tsada ce ya dawo Zariya mana, kwalejin jiragen sama na nan tun 1964, da dala a hannunsa ai sarki ne.

Injiniya_Sale
Malam Abu da girmamawa, wanda bai taɓa biyan hayar Bronx ba ya ɗan saurara wa masu biya. Lasisin can ba ya ba ka damar sa hannu a jirgin nan, sai ka sake bin FAA.

Abu_Fagge
Au, wato mu na gida ba mu da bakin magana kenan? Shawara ce na bayar ba kuɗi na roƙa ba.

Sarkin_Tasi
Kai ma Injiniya sa'a ka taka, mutum ɗaya da ya haye ba shi ne ma'auni ba. A tambayi waɗanda aka sallama a 2020 lokacin korona da jirage suka kwanta, malamin makaranta kuwa yana ɗakinsa yana koyarwa ta kwamfuta albashi na shiga.

Injiniya_Sale
Yaya ka yi haƙuri amma kai tuƙi ka nema, yaron nan gyara yake tambaya, abin da ya same ka ba a wannan layin ya same ka ba.

Malam Nuhu
A yi haƙuri da juna. Habu ya ambaci ruwa ba wanda ya kula. A bashin karatu na gwamnatin tarayya akwai nau'in da gwamnati ke ɗauke ruwan muddin kana makaranta da wata 6 bayan gamawa, wasu 'yan uwa suna karɓa su biya kafin wa'adin ya cika. Malamai sun saɓa a kai, saboda sharaɗin ruwan yana cikin takardar da ka sa wa hannu. Ka zauna da limaminku da takardar a hannu, kar ka ɗauki fatawa a nan.

Zee_Harlem
Maman Ilham don Allah maganar kiredit ɗin nan a yi hattara, a cikin CUNY ne yake da sauƙi. Ni da na koma wata jami'a mai zaman kanta kiredit 21 suka watsar min, kwas ɗin da na ci da A aka ce in maimaita da kuɗina.

Baba_Kumasi
Ke ma kin samu an karɓi wasu 'yata. Shekara 14 na yi ina koyarwa a Kumasi, na biya aka tantance takarduna, aka ce in koma aji tare da sa'o'in 'ya'yana. Yanzu gadi nake a wani shago a Fordham. Wanda ya koyar da yara 60 a aji ɗaya ba fanka wai shi ne bai ƙware ba.

Dan Maradi 170
Mu masu takardun Faransanci fa Baba? Kuɗin fassara daban na tantancewa daban, kuma sai lakwal ɗin can ta aiko da kanta a rufe, wata takwas ina kiran Yamai ana ce min mai sa hannu ya yi tafiya

Maman Ilham
Wannan kam ciwon kowa ne. Mijina HND gare shi a injiniyan lantarki, har yau ba a gama yanke masa matsayin da za a ba shi ba.

Habu_Parkchester
Na gode duka. Injiniya, ajin yamma fa, akwai inda ake yi? Kuma Anti Maman Ilham in na koma mataimakin malami yanzu albashin zai riƙe haya?

Abu_Fagge
Baba Kumasi wai nawa ne kuɗin tantance takardun nan, kuma ana karɓar NCE? Ina da ƙani da ke son tahowa