Ina son saya wa yara zomo, me zan duba?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, yarana sun dame ni sai na sayo musu zomo, ba na ci ba, na kiwo a gida. Dan Allah ya ake gane mai lafiya?

Mai Kiwo: Hajiya fara da ido da hanci, in akwai kwantsa ko majina ki bar shi. Ki leƙa cikin kunne, ɓawo-ɓawo alamar ƙazuwa ce, sannan ki ɗaga wutsiya, in gashin wurin ya jiƙe da kashi to gudawa yake kuma wallahi ita ke saurin kashe ƙananan. Kar ki karɓi wanda bai kai sati 8 ba komai kyansa.

Yar Katsina: Gaskiya ne. Kuma gara ki je gidan mai kiwon ki ga uwar da kejin da idonki. Zafi ma na kashe su, sai inuwa da ruwa kullum, ga harawa da ciyawa don haƙoransu ba sa daina tsiro.

Mai Kiwo: Ki hana yara ɗaga shi ta kunne. Yana iya kai shekara 8 fa, ki tabbata kin shirya.

Maman Biyu: Na gode, Allah ya saka. Mace da namiji zan haɗa?

Yar Katsina: A'a Hajiya, wata ɗaya take haihuwa, gidan zai cika!