Neman kalmar Hausa: me za mu kira "regen" na manyan motocin dizal?

Mai Sifana: Assalamu alaikum malamai da kanikawa. Ana son rubuta wa matasanmu da ke Amurka bayani da Hausa kan koyon kanikancin dizal a makarantun da ake kira "community college". Sunan makarantar bai ba da wahala ba, mun bar shi a kwalejin al'umma: ta gwamnati ce, ta shekara biyu, kuɗinta bai kai na jami'a ba, kuma yawanci 'yan yankin ne ke zuwa daga gidajensu. Mai neman satifiket kawai kan gama cikin shekara guda, mai neman shaidar AAS ya yi biyu, kusan kamar ND a poli. Darussan injin, giya, birkin iska da lantarki duk muna da kalmominsu a gareji. Inda aka cije shi ne darasin tsabtace hayaƙi. Akwai wani abu DPF, da aikin da ake yi masa, "regen". An kawo "sabuntawa", amma kunnena bai karɓa ba.

Oga Mai Tirela: Wa alaikumus salam. Kunnenka ya yi gaskiya, babu abin da ake sabuntawa. Bari a ga abin tukuna kafin a raɗa masa suna.

DPF gwangwani ne a kan hanyar salansa. Cikinsa gasasshen yumɓu ne mai ƙananan ramuka dubbai kamar saƙar zuma. Ramin da ke buɗe ta gaba an toshe shi ta baya, na kusa da shi kuma an toshe gaba an bar baya. To hayaƙin da ya shiga ba shi da mafita sai ya ratsa ta jikin bangon yumɓun, baƙin ya maƙale, iska ta wuce. Tun motocin 2007 dokar EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka, ta sa manyan motoci a Amurka suka koma ɗauke da shi. Sai da aka fara rage farar wuta a cikin man zuwa kashi 15 cikin miliyan a 2006, don mai mai yawan farar wuta yana kashe waɗannan na'urori.

Baƙin nan in ya taru, hanya ta ƙuntata. Akwai sensa mai siririn bututu biyu, ɗaya kafin gwangwanin ɗaya bayansa, tana auna bambancin matsi. In kwamfutar injin ta ga ya yi yawa, sai ta sa a fesa ɗan mai a cikin salansa. Man ya sami wani gwangwani da ke gaba, DOC, ya ƙone a jikinsa ba tare da harshen wuta ba, zafi ya haura wajen digiri 600 na Selshiyas, baƙin ya cinye. Wannan ƙonawar ita ce "regen".

Malamar Adabi: Sannu da ƙoƙari Oga. Baƙin da kake ta faɗa ai yana da suna: kunkunniya, irin wadda ke taruwa a rufin madafa. Sai a ce DPF matatar kunkunniya.

Baban Halifa: Hajiya Malama, kunkunniya ta zauna daram. Matata ce dai nake tsoro. Da an ce matata a zancen mai, hankali ya tafi Kaduna ko Fatakwal. Ga shi kuma a rubuce ba a bambanta ta da uwargida, yaro ya rubuta wa ogansa "matata ta toshe" a shiga uku. Rariya kuma a Kano har kwata ake nufi da ita. Ni tarko na gani. Tacewa ana yi ne a zubar da tuƙa, wannan kuwa kamawa yake ya riƙe har ranar da za a ƙone. Tarkon kunkunniya.

Malamar Adabi: Na janye matata, Allah ya bar zaman lafiya. Tarko ya yi. Saura ƙonawar: babbaka fa? Ana babbake kan rago, gashi ya tafi, kai ya tsira. Haka ake so a nan.

Oga Mai Tirela: Misalin ya yi kyau Hajiya, amma a bakin bakanike in aka ce abu ya babbake, an yi asara ke nan. Kuma akwai ranar da za mu buƙaci kalmar. In kunkunniya ta wuce kima, wani mai gaggawa ya jona kwamfuta ya tilasta ƙonawa, tarin yakan kama gaba ɗaya, zafi ya fi ƙarfin yumɓun, ya tsage ko ya narke. Shaidarsa, ka kwance ka duba bakin fita: lafiyayyen tarko bayansa tas yake, in ka shafa yatsa ya fito baƙi, hayaƙi ya sami ɓaraka. Wannan shi ne tarko ya babbake, sai sabo. Kada mu ba lafiya da cuta suna ɗaya.

Ɗan Damagaram: Ranku ya daɗe, ga tawa: toyi. Manomi da maharbi sun san shi, wutar da ake sa wa busasshiyar ciyawa da gangan, lokaci-lokaci, don a share wuri. Ba gobara ba ce, da niyya ake yi. Abin da ya fi burge ni, duk wanda ya ga toyi ya san bayansa toka ke saura. Nan ɗalibai suka fi ruɗewa. Kunkunniya tana ƙonewa, toka ba ta ƙonewa. Tokar daga sinadaran da ke cikin baƙin mai take zuwa, ɗan abin da injin ke sha yana ƙonawa, ta je ta taru a ƙarshen ramukan. Ko sau ɗari aka yi "regen" tana nan. Dole wata rana a kwance tarkon, a gasa shi a tanda ta musamman, a busa shi da iska mai ƙarfi rami bayan rami, a auna yadda iska ke ratsa shi kafin a mayar. Shi ya sa ake zuba baƙin mai mai ƙarancin toka, CJ-4 ko CK-4 da ya biyo bayansa a 2016. Wanda ya zuba tsohon samfuri zai cika tarko da wuri ya rasa dalili.

Baban Halifa: Ba za a ɗauka ƙosai ake toyawa ba?

Malamar Adabi: Na ƙosai tuya ne, Baban Halifa. Toyi na daji ne. Yaran birni ba lallai su san shi ba, amma layi ɗaya na bayani ya ishe su, kuma kalmar tana juyuwa a baki: ana toyi, ta gama toyi, toyin bai kammala ba. "Sabuntawa" ba ta yin haka ba tare da an ji fassara ba.

Oga Mai Tirela: Na karɓa. To iri uku ne, kowanne ya sami nasa.

Akwai wanda ke faruwa da kansa in mota na kan babbar hanya da kaya, salansa ta yi zafi, kunkunniya na cinyewa a hankali ba a fesa komai ba. Direba bai ma san ana yi ba. Wannan toyin tafiya. Akwai wanda na bayyana ɗazu, kwamfuta ce ke yanke shawara ta fesa mai: toyin kwamfuta. Na uku toyin tsaye, shi ne wanda ake koya wa ɗalibi da hannu. Fitilar tarko ta kama a dashbod, ta fara ƙiftawa. A fitar da mota fili, nesa da busasshiyar ciyawa, durom ɗin mai da rumfar leda, don iskar da ke fita daga salansa tana iya tada gobara ta gaske. Injin ya riga ya yi ɗumi. Giya a firi, a ja hambirki, ƙafa ta bar totur da kuloci. A danna maɓallin a riƙe 'yan daƙiƙu. Za ka ji injin ya ɗaga murya da kansa, tobo na yin fito, wani wari mai kaifi na tashi. Yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda. In ka taka birki ko kuloci ya katse, a sake daga farko.

Abin da malami nagari ke nanatawa: in mota tana neman toyi kullum, tarkon ba shi ne mai laifi ba, wani ne ke aiko masa da datti. Ko mota na kwana a silo, salansa ba ta taɓa yin zafi. Ko nozul na zubar da mai. Ko sil ɗin tobo ya saki, baƙin mai na bin hayaƙi. Ko kular EGR, mai sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin injin, ta tsage, ruwan lagireto na shiga. Wani lokacin ma tarkon lafiyarsa ƙalau, bututun sensar nan ne kunkunniya ta toshe, kwamfuta ke karɓar labarin ƙarya. Kafin a taɓa komai a jona kwamfuta a soket mai ƙafa 9 a karanta lambar laifi. SPN 3251 ta bambancin matsi ce. A zare bututun biyu a busa su, aikin 'yan mintoci, kafin a yanke wa tarko mai tsada hukunci.

Injiniya Ƙarami: Iyayena, ban ƙi ba, amma ina da ja. Yaron nan da Turanci zai zauna jarrabawar ASE, ta shaidar ƙwarewar kanikawa a Amurka. T2 ta injin dizal ce, T6 ta lantarki, L2 ta gano laifin injin mai kwamfuta, kuma sai ya haɗa da shekara biyu na aiki kafin a ba shi shaidar T2 ko T6, ko da yake karatun kwaleji na shekara biyu yana tsaya masa a madadin ɗaya. Manhajar gano laifin injin irin Cummins INSITE ko Cat ET ba za ta rubuta masa toyi ba. Wanda ya shiga tsarin ThinkBIG na Caterpillar, mako 8 a aji mako 8 a garejin dila, "regen" zai ji daga safe har dare. Ba mu ƙara masa kaya ba kuwa?

Mai Sifana: Ƙanena, jan naka a kan hanya yake. Ba za a ɓoye masa Turancin ba. Farkon ambato za a rubuta DPF a ce shi ne tarkon kunkunniya, "regen" a ce toyi, daga nan bayani ya ci gaba da Hausa. Gajerun haruffa irin DOC da EGR a bar su yadda suke, don haka zai gan su a allo. Wanda ya riƙe cewa bayan toyi akwai toka ba zai faɗi tambayar da ta raba "soot", wato kunkunniya, da "ash", wato toka, ba.

Ɗan Damagaram: Tunda ana gyara, a gyara biyu. A Najeriya dizal ake kira gas, mu nan gazuwal. A Amurka kuwa "gas" fetur ne. A rubuta dizal ko'ina a cikin bayanin, kada yaro ya je gidan mai da Hausar Kano a kansa.

Na biyu, ruwan nan na tanki mai shuɗin murfi, DEF, wanda motocin Turai ke kira AdBlue. Ya yaɗu a Amurka daga 2010, kuma ba na tarko ba ne, na gwangwanin da ke bayansa ne, SCR, mai rage gubar hayaƙi. Yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a tataccen ruwa, mota na shan kamar lita 2 zuwa 3 a duk lita 100 na dizal, yana daskarewa in sanyi ya kai digiri 11 na Selshiyas ƙasa da sifiri. In ya ƙare, kwamfuta na rage wa injin ƙarfi, a motoci da yawa har ta mayar da mota tafiyar mil 5 a awa. Ruwan yuriya za a ce?

Baban Halifa: In ka ce ruwan yuriya, gobe wani ya jiƙa takin buhu a bokiti ya ɗura, nozul ɗinsa ya toshe da farin gishiri. A ce ruwan salansa, a bar yuriya a cikin bayani tare da gargaɗi.

Malamar Adabi: To a gwada su a jimla a ji: "Fitilar tarko na ƙiftawa, ka fitar da ita fili ka yi mata toyin tsaye. In ta sake nema kafin mako, ka duba nozul da sil ɗin tobo. Ka leƙa ruwan salansa kafin ka tashi." Oga, akwai inda harshe ya yi tuntuɓe?

Oga Mai Tirela: Babu, Hajiya. Sai dai a sa bututun sensa a gaban nozul, shi ya fi arha dubawa.