Neman shawara: bincikena kan kasuwar siminti ya cije

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a sashen nazarin tattalin arziki, bincikena kan gasa ne a kasuwar simintin Najeriya. Tun zangon da ya wuce aka so in ɗauki kamfanonin waya na ƙi, don kowa ya san Dangote da BUA da Lafarge ne ke riƙe da siminti, na ga abin zai zo da sauƙi. Na lissafa HHI, wato ma'aunin yadda kasuwa ta taru a hannun kamfanoni kaɗan, ya fito sama sosai, sai na rubuta cewa sun haɗa baki kan farashi. Malam ya dawo min da babi na huɗu duk jan biro, wai ban tabbatar da komai ba. Lokacin miƙawa ya ƙarato, ko barci ba na iyawa.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Malaminka ya yi gaskiya, ƙanina. HHI yana nuna kasuwa na hannun 'yan kaɗan ne kawai. A misali kaso 60 da 20 da 20, ka ninka kowanne da kansa ka tara, 4,400 ke nan, alhali ƙa'idar Amurka ta 2023 ta ce in ya haura 1,800 kasuwa ta taru sosai a hannun 'yan kaɗan. To sai me? A tsarin Cournot, inda kowane kamfani ke yanke yawan abin da zai samar shi kaɗai, kamfani uku kan sayar sama da kuɗin samarwa ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Da wane adadi ma ka yi lissafin, ƙarfin masana'anta ko tan ɗin da aka sayar? Na biyun ake so. Yana cikin rahoton shekara da suke miƙa wa NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya, na Dangote kuma ka cire cinikin ƙasashen waje.

Yaya Talatu: Ni dai ka koma kan waya. Hukumar sadarwa ta NCC na fitar da adadin layuka duk wata, kuma tun 2013 ta ayyana MTN a matsayin mai rinjaye a kasuwar kira. Siminti sau ɗaya a shekara za ka samu cikakkun alƙaluma.

Ɗan Kalambaina: Duk wannan zancen takarda ne. Ga masana'anta a Sakkwato, amma buhu ya gagari talaka. FCCPC ɗin, hukumar kula da gasa da kare masu saye, me take yi?

Mai tambaya: Anti, canza batu yanzu ba zai yiwu ba. Baban Ummi, ranka ya daɗe, ƙarfin masana'anta na ɗauka saboda shi ya fi samuwa. Kuma ai farashinsu tare yake tashi.

Baban Ummi: Tare suke sayen gas da dizal, tare dala ke dukansu, me zai hana? Cire kalmar haɗin baki. Ka auna tazarar farashi da kuɗin samar da ƙarin tan ɗaya, ka raba da farashin, ma'aunin Lerner ke nan. Sannan siminti kaya ne mai nauyi: tirelar masana'antar Dangote ta Obajana ba ta gogayya da ta masana'antar Ashaka ta Gombe a ko'ina, sai ka raba kasuwar shiyya-shiyya.

Yaya Talatu: Ina zai samo alƙaluman shiyya?

Mai tambaya: To in na bar HHI ɗin yadda yake, na sauya taken babin kawai fa?