Kwana bakwai a kan teku: me Hajiya za ta ci?

Hajiya Mamobi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Yarinyata ta Landan ta ce bana ba za mu hau jirgin sama daga wurinta zuwa wurin yayanta a Bronx ba. Ta biya mana jirgin ruwa ni da Alhaji, wai Queen Mary 2, kwana bakwai daga Southampton zuwa New York. Me za mu ci a ciki? Da dare akwai inda mai sallah zai zauna in ba ɗaki ba? Sannan ta ce akwai wurin tausa da sirace, wai gwiwata za ta ji daɗi. Ya kai kuɗinsa?

Autan Nima: Wa alaikumus salam. Hajiya, ba ku neman mai riƙe jaka?

Ɗan Aboabo: Kwana bakwai ba waakye, ba koko da ƙosai. Allah ya ba da haƙuri.

Maman Biyu: Hajiya, ku saurare ni da kyau, ni abin ya taɓa cina. Ba wannan jirgin na hau ba, wani ne a tekun Bahar Rum, kwana biyar ni da ƙanwata, kuma ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Ranar shiga suka ba mu kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne kuɗi. Ba ka taɓa aljihu, sai dai ka miƙa kati, don haka ba ka jin zafin komai. Rana ta biyu na tafi tausa saboda bayana. Gaskiya yarinyar ta iya aiki, har barci ya ɗauke ni. Ina buɗe ido ta jera min kwalabe uku a faranti, wai jikina ya tara guba, wannan na safe, wannan na dare, wannan na wanka. Ga ni kwance da tawul, kunya ta hana ni cewa a'a. Man nan har yau yana kan durowata, man kaɗanyar da nake saya a kasuwar Nima ya fi shi aiki. Bayan kuɗin tausar sun ɗora kuɗin hidima, ni kuma ban sani ba na sake ba ta wani a hannu. Ɗakin siracen maza da mata a haɗe, na leƙa na ga wani dattijo da gajeren wando, na juyo da kuɗina a ciki. Abinci kuwa ba mu faɗa musu tun daga gida cewa halal muke so ba, sai da muka zauna a tebur. Suka ce ai sai an yi oda kafin jirgi ya tashi. Kifi da dankali, kifi da shinkafa, kifi da taliya, har na fara jin ƙarni a mafarki. Daren ƙarshe aka turo takardar lissafi ta ƙarƙashin ƙofa, na mayar da ita sidi, kuɗinmu na Gana, a waya, na zauna a bakin gado na yi shiru.

Autan Nima: Guba 😂 Anti, tuwon zafin shekara arba'in suka gano.

Maman Biyu: Auta, zan zo har gida in faɗa wa Inna.

Kawu Tema: Maman Biyu ta yi gaskiya a kan katin, amma kada a haɗa jiragen biyu. Naki na yawon shaƙatawa ne, kullum gari ya waye kuna wata tasha. Na Hajiya an ƙera shi ne don ratsa Atlantika, a Saint-Nazaire ta Faransa, ya fara aiki a 2004, tsawonsa mita 345. Daga Ingila har Amurka ba tasha ko ɗaya a hanya, ruwa ne da sama. Shi ya sa abin da ba a loda a Southampton ba, ba inda za a samo shi. Na yi shekaru a kicin ɗin jiragen kaya, na san yadda sito yake. Hajiya, yau ɗin nan ku ce wa yarinyar ta rubuta wa Cunard, kamfanin jirgin, cewa mutum biyu halal, ta ajiye amsarsu a waya. Daren farko kuma Alhaji ya nemi shugaban masu kawo abinci ya maimaita masa. Tambaya biyu kada ku gaji da yi: akwai naman alade, an zuba giya a miyar? Turawa suna dafa nama da giya, har fulawar da ake soya kifi wani lokaci da ita ake kwaɓawa. Kayan zaƙi masu rawa kamar kunun da ya daskare, su ma a tambaya da me aka daskarar da su.

Hajiya Mamobi: To Kawu, Allah ya saka. Abincin duk sai mun biya daban?

Anti Madina: A'a Hajiya. Na bi shi sau ɗaya da maigidana. Irin ɗakin da aka kama muku shi ke nuna inda za ku ci. Yawancin mutane Britannia suke ci, babban zaure mai hawa biyu, masu manyan ɗakuna kuma Princess Grill ko Queens Grill. Duk yana cikin kuɗin tikiti. Akwai Kings Court a hawa na 7, ɗibi da kanka, can na fi sakewa don ina ganin abin da zan zuba da idona. Wanda ake biya daban shi ne gidan gasasshen nama na Verandah, da lemon kwalba da makamantansu, kuma lissafin jirgin da dala ne. Abin da ba zan so ku rasa ba shi ne shayin ƙarfe uku da rabi a Queens Room. Masu kawowa sanye da farar safar hannu, ana kiɗa a hankali, kuma kyauta. Maigidana da ya ce shi ba ya shan shayin da ba a ga madara ta yi kauri ba, shi ke tashina mu tafi mu kama wuri.

Ɗan Aboabo: Farar safa a ba ka burodi kamar yatsa. Ku zo Kumasi ku ga mai shayi.

Autan Nima: Mutanen Kumasi kun fara. Waakyenku ma sai an nemo waken da tocila.

Ɗan Aboabo: Yaro, wanda bai ci na Asawase ba bai ci waakye ba. Naku taliya ce da gari aka yi wa ado.

Baban Zaure: Ku bar mana maganar waakye, an yi ta watan jiya ba a gama ba.

Kawu Tema: Ku yara ba ku san a da ta ruwa ake zuwa Ingila daga nan ba. Jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster, daga Ingila ya biyo Saliyo ya tsaya Gana ya wuce Legas, tun 1951 har 1974. Babana ya yi dako a bakin ruwa, ya ce ranar da ya iso kowa fes yake fitowa.

Autan Nima: Ni iyakata Dodi Princess a Akosombo, a nan ma sai da na yi amai.

Anti Madina: Maganar dare, Hajiya. Akwai gidan rawa da ake kira G32, akwai mashaya irin ta Ingila, Golden Lion, akwai wurin caca. Ba wanda zai ja ku can, ni ko ƙofar ban taka ba. Akwai zauren wasan kwaikwayo, akwai Illuminations inda ake kwantar da kujera a nuna taurari a rufi, akwai ɗakin karatu babba. Wasu darare na ado ne, maza kwat baƙa, mata dogayen riguna. Maigidana ya saka babbar riga ta shadda da hula, ni leshi da ɗaurin kai, Turawa suka yi ta roƙon hoto da mu. Wanda ba ya son adon sai ya ci a Kings Court.

Malam Ƙarami: Hajiya, a kula da lokutan sallah. Tsakanin Ingila da New York awa biyar ne, don haka masu tafiya yamma ana mayar musu da agogo baya awa ɗaya a darare biyar. Kada ku dogara da jadawalin Landan da ke waya, ku duba rana. Alƙibla galibi za ta kasance ta wajen bayan jirgi tunda yamma kuka dosa, amma a tabbatar da kamfas ko a tambayi ma'aikata. Ku matafiya ne, kuna da ƙasaru. In igiyar ruwa ta hana tsayuwa, a zauna.

Alhaji Sabon Zango: Ni da za a ji tawa, a tara kuɗin a yi Umra, a hau Aroya daga Jidda. Na Saudiyya ne, ya fara a Disambar 2024, abinci halal, ga wurin sallah, ba sai kana tambayar me aka zuba a miya ba.

Maman Biyu: Alhaji, Aroya zai kai ta Bronx wurin jikokinta?

Alhaji Sabon Zango: Ni dai na faɗi tawa.

Kawu Tema: Wani abu kuma. In da halin zaɓe, a nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa, can ne ba ya rawa sosai. A riƙe citta da maganin jiri daga kemis. Waya kuma a kashe data, layin cikin teku ta tauraron ɗan adam yake bi, tsadarsa ba a magana.

Ɗan Aboabo: A tafi da shito, soyayyen yajinmu na Gana, kwalba biyu, shi ne maganin komai.

Anti Madina: A cinye shi a hanya dai. Kwastan na Amurka suna tambayar kayan abinci, abin da ya rage a faɗa musu. Kilishi kuwa kada ma a ɗauka.

Hajiya Mamobi: Na gode ƙwarai, na tura wa yarinyar maganar halal. Amma har yanzu ba wanda ya ce min in yi tausar ko in bari. Anti Madina, ke kin shiga?

Anti Madina: Ban shiga ba Hajiya, na ga farashin na wuce. Zagaye nake yi a barandar hawa na 7 kowace safiya, sau uku ya ɗan haura mil guda.

Maman Biyu: In za ku yi, ku ce mace kuke so tun wurin rubuta suna, ku tambayi jimillar kuɗi da na hidima, kuma ku ce ba ku sayen komai kafin ku kwanta. Kafin, Hajiya, ba bayan an gama ba.

Autan Nima: Maganar riƙe jakar fa?

Ɗan Aboabo: Ka fara samo bizar Ingila da ta Amurka tukuna, kai da Kumasi ma sai an biya maka mota.