Shin lada yana gyara hali, ko cin hanci ne kawai?

Malam Habibu: Ina nan a kan bakana cewa duk halin da aka saya da lada, ranar da ladan ya ƙare ranar zai mutu. Na gwada wannan da 'yan firamare, inda duk wanda ya gama aikinsa nake manna masa tauraro a gaban sunansa a jikin bango. Mako uku ajin yana tafiya daidai, amma ranar da taurarin suka ƙare sai wata yarinya ta ajiye fensirinta ta ce, "Malam, tunda yau babu tauraro, sai gobe zan rubuta." Ni ban ga abin da ya raba wannan da cin hanci ba.

Malama Rabi: Malam, abin da ka gani gaskiya ne, amma laifin na tsarin da ka bi ne. Tun a 1938 masanin halayya B. F. Skinner ya bayyana yadda ɓeran da ke cikin akwati yake koyon danna wani ɗan ƙarfe idan abinci yana biyo baya, da yadda yake dainawa idan abincin ya yanke. Daga baya shi da Charles Ferster suka wallafa dogon bincikensu a kan tattabaru a 1957, kuma abin da masana suka tabbatar shi ne halin da ake saka wa lada a kowane karo yana saurin dushewa, wanda kuwa ake saka wa jefi-jefi ba tare da an san lokacin ba yana da wuyar mutuwa. Shi ya sa ɗan caca ba ya tashi ko da ya sha faɗuwa a jere. Kai ka ba da tauraro kullum, sannan ka yanke shi dare ɗaya, alhali ƙa'idar ita ce a fara da yawa, a riƙa ragewa sannu a hankali, ana haɗawa da yabo na baki. Kuma cin hanci ana miƙa shi ne don a yi abin da bai dace ba.

Dokta Aminu: Malama, da matsalar ta tsaya ga lokacin bayarwa da na yi shiru. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun zaɓi yara ƙanana masu son zane da kansu a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford. Aka yi wa wasu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu aka ba su ba zato, wasu ba a ba su komai ba. Da aka sake ajiye kayan zanen bayan 'yan kwanaki, waɗanda aka yi wa alkawari su ne suka fi ja da baya. Edward Deci ya ga irin haka a 1971 da ɗaliban jami'a da ya biya kuɗi don su warware wasan wasa ƙwaƙwalwa. Wato lada yana iya mayar da wasa ya zama aiki.

Malama Rabi: Dokta, ka lura da sharaɗin da kai da kanka ka ambata: yaran dama suna son zanen, kuma waɗanda aka ba kyautar ba zato sha'awarsu ba ta ragu ba. Ba wanda ya ce a biya mutum don abin da yake yi da son ransa. Inda ake buƙatar dabarar shi ne inda halin babu shi gaba ɗaya. Teodoro Ayllon da Nathan Azrin sun yi haka a wani asibitin masu taɓin hankali a jihar Illinois ta Amurka a shekarun 1960, inda marasa lafiyar da suka daɗe a kwance suke samun 'yan alamu masu kama da kwabo idan sun kula da tsabtar jikinsu ko sun yi ƙananan ayyuka, su kuma canza alamun da abin da suke so. Mutanen da suka shekara a zaune suka tashi suna aiki.

Malam Habibu: To ai kin kawo mini hujja ne, domin a wannan binciken da aka daina danganta alamun da aiki, aikin ya faɗi, sai da aka mayar da tsarin ya sake tashi.

Hajiya Binta: Malam Habibu, ina son in ji abin da za ka sa a madadinsa, domin idan bulala kake nufi, Edward Thorndike, wanda ya fara wannan fanni da kyanwoyi a 1898, ya dawo a farkon shekarun 1930 ya ce hukunci ba ya raunana hali kamar yadda lada yake ƙarfafa shi. Kuma ko mun yarda ko ba mu yarda ba, lada muke bayarwa kullum ba mu sani ba. Ɗana yakan yi kururuwa idan na karɓe wayata daga hannunsa, ni kuma in daure na ɗan lokaci, in gaji, in miƙa masa. Ashe koya masa nake yi cewa dogon ihu shi ne yake biya. Ranar da na yanke shawarar ba zan mayar ba, ihun ya ninka har ya kwanta a ƙasa yana buga ƙafa, abin da daga baya na fahimci yakan faru kafin hali ya dushe. Na jure kwanaki, ina yaba masa duk sa'ad da ya miƙo wayar da kansa, kuma yanzu ihun ya zama tarihi.

Malam Habibu: Hajiya, ban ce bulala ba, kuma na karɓi maganarki a kan ihu. Zangon karatu mai zuwa zan mayar da taurarin ga yara uku da ba sa buɗe littafi ko kaɗan, in riƙa ragewa yadda Malama Rabi ta ce. Amma yarinyar nan da ta ajiye fensiri tana cikin masu rubutu da son ransu kafin in kawo taurarin, saboda haka ita ba zan sake manna mata ko ɗaya ba.