Bishiya a kwalar hafsa da baƙin abu a dantsen soja: wace runduna ce?

Ɗan Sabon Gari:
Salamu alaikum. Ga wani tsohon hoto baƙi da fari, babu rubutu a bayansa. Bature hafsa yana zaune, da anini uku a kafaɗa, da wani ƙaramin baje mai kama da bishiya a kowane gefen kwalar rigarsa. A bayansa soja Bahaushe yana tsaye, mai igiya uku, sanye da malafa mai naɗaɗɗen gefe ɗaya, a dantsensa kuma akwai wani baƙin abu mai ƙafafu. Wace runduna ce, kuma wane lokaci?

Malam Na Tsohon Bariki:
Wa alaikumus salam. Bishiyar nan kwakwa ce, tambarin rundunar Afirka ta Yamma ta Turawa, wadda ake taƙaitawa RWAFF. Sai dai kada ka tsaya a kanta, domin sojan Najeriya da na Gwalkwas (Gana ta yanzu) da na Saliyo da na Gambiya duk ita suke sawa a zamanin mulkin Turawa. Ta kawo ka gidan, ba ta nuna maka ɗakin ba. Anini uku kyaftin ne, igiya uku saje.

Abin da ke dantsen sajen shi ne ya raba gardama. Idan ƙafafu takwas ne, kai yana kallon ƙasa, gizo-gizo ne, alamar runduna ta 81 da aka kafa a 1943, wadda ta yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan na ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a Yaƙin Duniya na Biyu. Baƙi ne a kan rawayan ƙyalle. Ta 82 kuwa masu biyu ne aka gitta a cikin gammo irin na ɗan dako. A hoto mai dishi-dishi mutane suna rikita su, domin duka biyun ƙulli ne a tsakiya da tsinke-tsinke a gefe. Ƙirga tsinken: huɗu masu ne, takwas gizo. Malafar ma ta dace da zamanin yaƙi, tunda kayan fareti jar dara ce da jar falmaran da ɗamara.

Hajiya Mai Adana Hotuna:
Malam ya yi bayani. Ƙari a kan aikin hoton kansa: kada ka ɗauke shi da waya, domin hasken takardar yana cinye ƙananan rubutu, wayar kuma tana shafe gefen baje har haruffa su narke. A sa shi a sikana, wato na'urar kwafe hoto zuwa kwamfuta, aƙalla dpi 1200 (ma'aunin kaifin hoto ke nan), a ajiye ba tare da gyara ba, sannan a ƙara girman kwala da hula da dantse ɗaya bayan ɗaya. A kintinkirin da ke ƙasan bishiyar za ka nemi harafin R a farkon RWAFF, wato Royal, ta sarauta. Sai a 1928 aka ƙara shi, saboda haka baje mai R ba zai riga wannan shekara ba.

Ka kuma tabbatar ba a juya hoton ba wajen wankewa. Lambobin yabo a ƙirjin hagu suke, igiyar fatar hafsa kuma daga kafaɗar dama take gittowa. In ka ga akasin haka, juya shi tukuna. Launi kuwa kada ka yi rantsuwa a kai: tsohon fim yakan mai da ja da rawaya baƙi, shuɗi ya yi fari-fari, shi ya sa rawayan ƙyallen yakan haɗe da gizon ya zama dunƙule ɗaya.

Malam Na Tsohon Bariki:
Haka ne, Hajiya. Duba ƙirjinsu ma. In da kintinkirin Tauraron Bama, lambar yabon yaƙin Bama, ja a tsakiya da shuɗi mai duhu a gefe, to hoton bai riga 1945 ba, domin a shekarar aka ƙirƙiro lambar. Ƙasar sajen kuwa takardar sallama ko rubutun da ke jikin wata lambar yabo ne zai nuna: NA a gaban lambar soja na nufin Najeriya, GC Gwalkwas. Kasancewarsa Bahaushe ba hujja ba ce, Hausawa da yawa sun yi soja a rundunar Gwalkwas.

Ɗan Sabon Gari:
Na ƙara girmansa, ƙafafu takwas ne, ƙirjinsu kuma babu kintinkiri ko ɗaya. Allah ya saka da alheri.